Fim ɗin da Rubutunsa Yake Jirana

A cikin sanyin farkon shekarar 1977 mutanen Alƙahira suka fito kan titi saboda an ƙara kuɗin burodi da sukari da gas. Ina da shekara tara a lokacin. Baba ya rufe shago, muka zauna a ɗakunanmu biyu da ke saman wani tsohon bene a Darrasa, muna jin ihu daga nesa kamar na filin ƙwallo, Inna ta jiƙa tsumma ta toshe ƙasan ƙofa saboda hayaƙin nan mai sa hawaye. Da gwamnati ta janye ƙarin gari ya lafa, sai Baba ya aiki yayana Laminu Wustul Balad, tsakiyar birni, ya dubo ko shagon wani mai sayen fatu a hannunsa ya tsira, ya ce in bi shi in riƙe masa ƙunshi. A ƙafa muka tafi. Har yau ina jin ƙarar fasasshen gilashi a ƙarƙashin silifas ɗina, ina ganin wata bas da ta ƙone ta zama ƙwarangwal a gefen hanya, yara na wasa a cikinta. Muka tarar da shagon a kulle. A hanyar dawowa ruwa ya sauko, siriri mai shiga ƙashi, ga shi ba mu da rigunan kirki. Laminu ya duba hagu ya duba dama, ya ja hannuna zuwa wata ƙofa mai hotuna, ya ce, "Zo mu fake, amma bakinka ƙanin ƙafarka, shiru kawai nake so a gida." Ban taɓa shiga sinima ba sai ran nan.

Wurin zama mafi araha shi ne na gaba, bencinan katako a gindin majigi, Misirawa suna kiransa tarso. Nan muka zauna, ƙafafunmu cikin ɓawon 'ya'yan kabewa da aka tofar, wuyanmu a ɗage. Fim ɗin na Amurka ne, baƙi da fari, ya girme ni nesa ba kusa ba. Wasu mutum huɗu sun yi fashi sun ɓuya a wani gida a bayan gari, ana ruwa, suna jiran motar da za ta zo ta kwashe su, kowa na zargin ɗan'uwansa. Akwai wani tsoho a cikinsu da bai daina feraye dankali ba. Ba na jin Turanci, don haka ban kula da bakinsu ba. Abin da ya kama idona shi ne fassarar Larabci da ke fitowa a ƙasa, fara tas a kan baƙi, kowane harafi ya kai tsawon hannuna. Mutum zai faɗi magana guntuwa ya yi shiru, rubutun ya tsaya a wurin bai gudu ba. Na zuba masa ido. Can na taɓa gwiwar Laminu na ce, "Yaya, wancan mai tsayin, alif ne?" Ya juyo ya kalle ni cikin duhu. Ya ce in nuna masa wani. Na nuna. Ya ce wani kuma. Na nuna masa guda uku a layi ɗaya kafin rubutun ya ɗauke. Sai na ji ya kama bayan wuyana da tafin hannunsa mai sanyi, ya riƙe.

Sai na yi bayanin abin da ya sa wannan ya zama abin mamaki. A Darrasa kowa ya san Habu ɗan Alhaji mai turare, wato ni, kansa ba ya ɗaukar karatu. Unguwa ce ta littafi, daga ƙofar gidanmu har bakin babban masallaci shagunan littattafai ne, ɗalibai daga ko'ina cikin duniya na kai da komo da takardu a hammata, har mai sayar da wake na iya gyara wa mutum kuskuren nahawu. A nan aka haife ni, ni kaɗai na kasa. Makarantar gwamnati ba ta karɓe ni ba saboda takardun zamanmu ba su cika ba, sai aka kai ni kuttab, makarantar yara ta lungunmu. Malamin zai buɗe littafi a gabana, ni kuwa abin da nake gani shi ne tururuwa baƙaƙe suna hawa kan juna, in na matsa ido sai kaina ya ɗau ciwo. Na ɗauka haka kowa ke gani, sun dai fi ni dabara ne. Sai na koma kama karatu da kunne, ina jan yatsa a kan takarda ina faɗin abin da na ji na kusa da ni ya faɗa. Ran da malamin ya juya littafin ƙasa a sama na ci gaba da karatuna ban lura ba, yara suka yi dariya har da faɗuwa, ni kuma na sha sanda a tafin ƙafa. Daga nan Baba ya ce, "Kowa da rabonsa," ya mayar da ni shago.

Ba zan ce rayuwar ba daɗi ba. Da asuba ni ke bin layin gidan burodi, in dawo da shi da zafinsa a kan faifan zarɓa, ina tafe ina gutsurar gefe. Ni ke cika tulunan ruwa in jera su a taga su sha iska, ni ke sayo kananzir na risho, ni ke ba kajin Inna ɓarɓashi. Inna na tuƙa tuwon shinkafa da miyar mulukiyya, tana cewa, "Lalo ce wannan, ta zo birni ne ta sake suna." A shago ina jera carbi da layun fata da kwalaben turare, na san kowanne da ƙamshinsa ba sai na duba takardar jikinsa ba. Da yamma mu buga ƙwallon da muka ɗinka da tsofaffin safa a lungu, ko mu hau sama mu saki filfilwar takarda, ko mu yi tseren marafan lemo a kan dakali. Kuma a duk yaran benenmu ba wanda ya kai ni hangen nesa. Ina iya gane tantabarun maƙwabcinmu tun suna can saman hasumiya, in faɗi wacce ce a gaba. Wannan baiwar ce ta cuce ni. Da Laminu ya ce wa Baba, bayan kwana biyu, yana ganin matsalar Habu a ido take ba a kai ba, Baba dariya ya yi. "Yaron da ke ƙirga tantabara a sama shi ne makaho? Bar wannan zancen, kai dai ka kama karatunka."

Laminu yana da shekara goma sha tara, ɗalibi ne a ma'ahad, makarantar addini da ake wucewa daga ita zuwa jami'a. Shi ne abin alfaharin Baba. Yana ɗan shekara biyar aka zo da shi daga Damagaram, Larabci ya zauna a bakinsa har ya fi Hausa, in yana magana a bayan labule ba ka cewa ba Bamisire ba ne. Baba ya riga ya gama gininsa a zuci: zai gama, ya koma gida da rawani, a ce ga ɗan Alhaji da ya yi karatu a Masar. Dogo ne siriri, mai yawan barkwanci, yana kirana Shehu don tsokana. Bai sake yi wa Baba zancen ido ba. Ya ce min in ya gama jarrabawar ƙarshen shekara zai kai ni wurin likita da kansa. Kafin nan, in ji shi, muna da makaranta.

Haka muka riƙa komawa sinimar nan duk ranar Alhamis bayan azahar, da sunan kai saƙo. Finafinai uku suke nunawa a jere. Na farko na faɗa ne, na ƙarshe na Masar mai raye-raye, shi ne hotonsa ke manne a ƙofa, namu kuma an cusa shi a tsakiya don cike gurbi, tsohon kwafi ne da mai gidan ya mallaka, ya yi ta jujjuya shi wata da watanni. Ban taɓa ganin fim ɗin da aka tsana kamarsa ba. Da ya fara sai tarso ya kaure da fito da buga benci, ana jifan majigi da ɓawo, ana ihu a mayar wa mutane kuɗinsu. "Ku harbi juna mana mu huta!" "Ya Hajji, dankalin nan bai isa ba?" Daga nan sai su watse waje shan shayi, su bar mu kusan mu kaɗai. Mai haska wa mutane wurin zama da tocila, wani tsoho da ake kira Ammu Sayyid, yakan girgiza kai in ya gan mu. "Kowa na fita ku kuna shiga, in rawa ta zo kuma ku gudu. Ya ustaz, kai da ƙanenka lafiyarku ƙalau kuwa?" Laminu ya ce masa fim ne na masu hankali. Ammu Sayyid ya ce ya shekara ashirin a wurin nan bai ga mai hankali a tarso ba.

Abin da suke zagi shi ne abin da ya yi mana rana. A fim ɗin faɗa rubutu wucewa yake kamar walƙiya, kafin in kama harafi ɗaya an canja. A namu kuwa mutanen ba sa gaggawa. Ɗaya ya yi magana, ɗayan ya kunna taba, ya dubi taga, ruwa na zuba, rubutun na nan tsaye yana jirana. Laminu zai sunkuyo ya raɗa min, "Ga mim can, mai kai kamar ƙulli. Nemo min 'yar'uwarta." Ya yi ƙoƙarin yi min manyan haruffa da gawayi a bayan tankin ruwan samanmu, yana ɗan amfani, amma da rana tsaka, da idon mutane kusa, kaina kulle kansa yake, sai in ji sandar kuttab a tafin ƙafata. A cikin duhu ba mai ganin kuskurena. Kuma ina so in san abin da mutanen nan ke faɗa wa juna, ina so in san wa ya ci amana. Harafi ya zama kalma, kalma ta zama layi. Na iya karanta mota, da ƙofa, da ruwa, da 'yan sanda, da bindiga. Akwai wani layi da tsohon nan mai dankali ke faɗa kusa da ƙarshe, shi ya fi kowanne daɗewa a majigi, shi na fara karantawa daga farko har ƙarshe ba tare da taimako ba. Ran nan Laminu ya saya min rake a hanya, ya ce, "Shehu, saura ƙiris ka kore ni daga aiki." Zuwa lokacin da zafi ya fara shigowa na riƙe haruffa goma sha bakwai.

Wanda ya gan mu abokin Baba ne, Malam Isufu, dattijon da ke kula da ɗaliban ƙasarmu a unguwar, mutum mai tsoron Allah wanda ba ya ƙarya. Bai kuwa yi ƙarya ba. Ya ga Laminu, ɗalibin ilimi, yana fitowa daga ƙofar da aka manna hoton mace mai rawa, riƙe da hannun yaro. Abin da ya gani ke nan, shi ya faɗa. Bayan la'asar suka hawo sama shi da Baba, aka shimfiɗa tabarma, Inna ta ajiye musu shayi a kan gawayi ta koma bakin ƙofa ta tsaya. Aka kira mu. Laminu bai musa ba. Ya ce ba rawa suke kallo ba, karatu yake koya wa Habu. Malam Isufu ya ajiye kofinsa ya ce, "A gidan rawa?" Laminu ya ce Baba ya zo da kansa ranar Alhamis ya gani. Baba ya ce, "Ni? Da furfurata?" Sannan ya zaro ƙaramin littafin addu'o'in da ke aljihunsa, ya buɗe tsakiya, ya miƙo min. Ya ce, a hankali, ba da faɗa ba, "To karanta min, Habu. In ka karanta magana ta ƙare."

Na karɓa. Tururuwan nan suna nan yadda na bar su. Na matso da littafin, na nisanta shi, na murza ido, hawaye suka taru suka ƙara dagula komai. Ban iya fitar da harafi ɗaya ba. Laminu ya miƙe ya ɗauki gawayi daga gefen murhu, ya nufi farin bangon ɗakinmu, ya rubuta bisimilla da manyan haruffa. Na karanta. Malam Isufu ya ce wannan ko aku ya haddace ta. Ya karɓi gawayin ya rubuta kalma ɗaya mai harafi uku. Na gane na tsakiya, na gane na ƙarshe, amma na farkon ba mu kai gare shi ba tukuna, na tsaya ina motsa baki. Sai daga baya na san kalmar da ya rubuta ma'anarta ita ce "gaskiya". Laminu ya ga abin na neman kuɓuce masa, ya ƙwaci gawayin ya rubuta dogon layi daga wannan kusurwa zuwa waccan, layin da ya san ban taɓa kuskurensa ba. Ina ganinsa na ji sanyi a raina kamar na haɗu da ɗan'uwa a kasuwa. Na ɗaga murya, na bi shi kalma kalma da yatsa, cikin Larabci tsantsa, don kowa ya ga ba haddacewa na yi ba. Ma'anarsa ita ce: babu mai fita daga gidan nan da ransa.

Na juyo ina murmushi, ina jiran a yaba. Inna ta rufe baki da gyalenta. Baba yana jin Larabci sarai, ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Wannan shi ne karatun?" Laminu ya ce, "Baba, harafi harafi ne, ko a ina aka tsince shi. Ai ka ji ya karanta. Wallahi makaranta ce." Baba ya ce, "Na ji. Na yi shekara tara ina roƙon Allah in ji yaron nan ya karanta layi ɗaya. Yau na ji, a bangon ɗakina, maganar masu kashe mutane." Ya tashi ya sa takalmansa. A bakin matakala ya ce wa Inna, ba tare da ya juyo ba, "A wanke min bango." Ta wanke da ruwa da soso kafin magariba, amma gawayi ya shiga farar ƙasar, inuwar layin ta zauna a wurin har muka bar gidan.

Ba a jira jarrabawa ba. Magana ta riga ta zaga unguwa, ɗalibai sun daina zama kusa da Laminu, Malam Isufu ya ba da shawarar a nisanta shi da birni kafin ya ƙarasa lalacewa ya lalata na bayansa. Baba ya haɗa shi da wasu fatake masu komawa gida ta hanyar Sudan, ya ce ya je wurin kawunmu a Damagaram ya yi noma hankalinsa ya dawo. Inna ta roƙa, ta yi kwana da kwanaki ba ta cin abinci, Baba ya ce shekara ɗaya ce kawai. Ni na raka shi tashar jirgin ƙasa ina ɗauke da buhunsa. Ya yi ta barkwanci a hanya, yana cewa a nan ana ce masa Basudane, can kuma za a ce masa Balarabe, shi dai bai san inda za a ce masa Laminu ba. Da jirgin ya yi kuka ya durƙusa daidai tsayina ya ce, "Saura sha ɗaya, Shehu. Ka riƙe min sha bakwai ɗin nan da kyau, kada ka bari su gudu kafin in dawo. Yalla, koma gida, Inna na jira."

Shekara ta cika bai dawo ba, Baba ya ce a ƙara masa wata. A bazara ta biyu sanƙarau ya shiga ƙauyen kawu. Wani falke ne ya kawo labarin rasuwar Laminu, a baki, a shago, Baba na cikin naɗe wa wata mata turare. Ya ƙarasa naɗewa, ya miƙa mata, ya ce min in ja ƙofa, sannan ya zauna a ƙasa a tsakanin buhuna. A wurin zaman makoki na ji wani na cewa sinima ce ta kashe yaron nan, wasu suka gyaɗa kai. Daga nan ya zama abin misali a Darrasa. In ɗalibi ya fara yawo sai a ce masa ya tuna da ɗan Alhaji mai turare, wanda fim ɗin 'yan fashi ya cinye. Ba wanda ya san sunan fim ɗin a cikinsu, ba wanda ya taɓa ganinsa, amma hukuncinsa ya zauna. A gidanmu ba a ambatonsa, ba a ambaton Laminu. Baba ya rayu shekaru bayan haka, yana azumin nafila har jikinsa ya ƙare, ban taɓa jin sunan ya fito daga bakinsa ba. Wata rana na hau sama shanya na same shi tsaye a gaban bangon nan, hannunsa a kan inuwar rubutun. Da ya ji motsina sai ya yi kamar yana kakkaɓe ƙura.

Ni kuwa aka kai ni wurin mai guga na koyi sana'a. Na yi ƙoƙarin riƙe amanar. Ina tafe ina neman haruffana a manyan allunan shaguna, ina gaishe su a zuci, ina zana su da yatsa a jikin rigunan mutane kafin in ɗora dutsen guga. Amma harafin da ba a amfani da shi ba ya zama. Masu ɗigo a sama suka fara rikicewa da masu ɗigo a ƙasa, sannan suka tafi ɗaya bayan ɗaya. A shekarar da aka harbe shugaban ƙasar Masar a wurin fareti, na tsaya a gaban babban rubutun jarida da kowa ya taru a kansa, na tarar alif da lam kaɗai suka rage min. Na taɓa komawa sinimar ni kaɗai. An mayar da ita ɗakin ajiyar takalma. Ammu Sayyid na zaune a bakin ƙofa yana sayar da 'ya'yan kabewa, ya gane ni, ya ce, "Kai ne na fim ɗin dankali! Ina ustaz?" Na ce ya yi tafiya. Ya ce in gaishe shi in ya dawo. Na ce to.

Yanzu ina Hadayek el-Maadi, wata unguwar Alƙahira, ina da ɗan shagon guga, gashina ya yi fari. 'Yata ce ta matsa min na je wurin likitan ido shekarun baya kaɗan. Ya duba ya ce idon nan haka aka haife ni da shi, yana ganin nesa ba ya ganin kusa, ya tambaye ni yadda na yi na gama makaranta. Na ce ma'alish, ba komai, likita, ba ni tabarau kawai. Da na sa shi na dubi takardar da ke hannuna, tururuwan suka tsaya cak, kowacce a wurinta. Abin bai fi ƙarfin gilashi biyu da ɗan ƙarfe ba. Daga nan na shiga ajin manya da wani ɗalibi ɗan Kano, Malam Auwalu, yake yi mana a ɗakinsa, yana koya mana Larabci da boko. Yaro ne mai haƙuri, sa'an 'yata, yana ce min Baba Habu.

Shi ne ya riƙa kawo mana tsofaffin jaridu don gwaji. Wata rana na buɗe shafin da ya faɗo hannuna, sai ga hoton tsoho zaune da wuƙa da dankali. Na cire tabarau na goge na mayar. Na roƙi Auwalu ya bar min shafin, na tafi da shi gida, na yi ta binsa a hankali tsakanin riga da riga har na kai ƙarshe. Wani masanin finafinai ne ya rubuta. Ya ce fim ɗin yana cikin manyan finafinan da aka taɓa yi, ana koyar da shi a jami'o'i, an gyara tsohon kwafinsa an adana kamar kayan tarihi. Ya ce lokacin da ya fito ko a ƙasarsu ba a kula shi ba, an ce ya cika jan jiki, sai daga baya aka gane girmansa. Abin da ya fi yabawa shi ne shirun nan, yadda ake barin magana ta zauna kafin wata ta biyo. A ƙarshe ya kira shi makaranta. Na daɗe a kan wannan kalma. Auwalu ya nemo min fim ɗin a wayarsa na kalla, na karanta kowane layi da kaina. Da aka zo wurin tsohon, na ga abin da ban gani ba ina yaro. Ba barazana yake yi ba. Kuka yake, yana gaya wa ƙaramin cikinsu ya gudu tun da sauran hanya.

Ban ji haushin masanin ba, gaskiya ya faɗa. Ba na kuma jin haushin Baba, abin da ya ji a bangonsa zai tsorata kowane uba. Abin da ke zaune a ƙirjina shi ne, fim ɗin ya samu masu wanke shi. An zage shi, an jefe shi da ɓawo, ya jira, aka zo aka ba shi haƙuri aka ɗaga shi sama. Laminu bai samu wannan ba. Na ninke shafin na sa a aljihu na hau mota zuwa Darrasa, ban san wa zan nuna wa ba. Baba ya rasu, Inna ta rasu, Malam Isufu ya rasu. An rushe benenmu da bangonsa. Ɗaliban da ke wucewa da waya a hannu ba su taɓa jin labarin ɗan Alhaji mai turare ba, ba mai zarginsa balle in kare shi. Na tsaya a bakin lungun har aka kira sallar la'asar, na shiga na yi, na dawo gida da takardata.

Yau na iya haruffan duka, har da wanda Malam Isufu ya fara kalmarsa da shi. Ga abin da ya tafi: haruffa goma sha ɗaya da Laminu bai kai ga koya min ba, goma sha biyar cikin waɗanda ya bar min amana, shekaru fiye da talatin da na yi ina dangwala yatsa a inda ake sa hannu, uba ɗaya da ya mutu bai ƙara kiran sunan ɗansa ba, da yaya ɗaya, wanda ko kabarinsa ban san inda yake ba.